Zauren Harshe daga Katsina: Kaza ba ta gyaɗa kai

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan tsuntsaye suka faɗo, shi ya sa na tara su wuri guda. Masu tambaya a kan sunayen sarautu su yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne mai karatun ilimin halittu a nan Katsina. Akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke can baya, mai kula da daidaiton motsin jiki. Malaminmu ya ce "ƙaramar ƙwaƙwalwa" ake ce masa da Hausa. Haka ne?

Ɗana, malaminku bai yi ƙarya ba. Sunan da likitoci ke kiran wurin da shi, serebelum, daga Latin ya fito, kuma ma'anarsa ke nan. Sai dai ni sunan bai kwanta mini ba. Ka je ka ce wa Bakatsine wane yana da ƙaramar ƙwaƙwalwa, ka ga ko ba zagi zai ji ba. Na fi son "ƙwaƙwalwar ƙeya". Kowa ya san ƙeya, kuma da jin sunan an san inda abin yake. Ƙanƙantar ma ta ido ce kawai: a jikin mutum nauyinta bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa ba, amma kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a cikinta suke cunkushe.

Tunda ɗalibi ne kai, ranar da aka yanka kaza a gidanku ka roƙi kan, ka fasa shi a hankali. A baya za ka ga wani ɗan curi mai zane-zane a gicciye. In ka tsaga shi ta tsawo za ka tarar a ninke yake, ninki bisa ninki, kamar turmin atamfa. Manyan ninkin goma ne, masana na ƙirga su daga 1 zuwa 10, daga gaba zuwa baya. Fatar kowane ninki hawa uku ce, kuma a hawan tsakiya akwai jerin wasu manyan ƙwayoyi masu rassa, waɗanda duk saƙon da zai fita daga fatar ta kansu yake bi. Ana kiran su da sunan Purkinje, masanin ƙasar Cek da ya bayyana su a 1837. Tsuntsaye sun yi wa wannan ilimi hidima ba kaɗan ba. A shekarun 1820 Bafaranshe Flourens ya riƙa cire wa tattabaru wannan sashe, sai ya ga suna gani, suna motsa fiffike, amma tsayuwa da tafiya da tashi duk sun rikice musu. A 1888 kuma, da ƙwaƙwalwar ƙeyar tsuntsu Ramon y Cajal na ƙasar Sifen ya fara nuna cewa ƙwayoyin jijiya kowace zaman kanta take, ba a dunƙule suke ba. Yana cikin mutum biyun da suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1906.

Kuma don Allah, ɗana, ka riƙa sa wa haruffa lanƙwasa. Sau uku ka rubuto mini "kwakwalwa". Wayarka tana da ƙ, neman ta ne ba ka yi ba.

Tambaya: Malam, daga Daura nake, ina kiwon tattabaru. Jikata ta tambaye ni me ya sa tattabara da kaza ke gyaɗa kai in suna tafiya, na rasa amsa.

Hajiya, kin taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Kafin a zo ga dalili, kalmar ce ba ta zauna ba. Gyaɗa kai sama da ƙasa ne, alamar na'am ko na ji. Girgiza kai gefe da gefe ne, alamar a'a ko takaici. Kaɗa kai yakan zo da mamaki ko tausayi, irin na dattijon da ya ji abin da ya fi ƙarfin magana. Yaranmu masu rubuta labarai a intanet sun cakuɗa su duka. Sai ka karanta "ya gyaɗa kai alamar a'a", ka rasa ya yarda ne ko ya ƙi. Wani kuma a shafi guda jarumarsa ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa, ta kuma gyaɗawa, kai ka ce ƙadangaruwa ce. Ƙadangare shi ne mai gyaɗa kai na gaskiya, domin nasa sama da ƙasa yake zuwa.

Kaza ba haka take yi ba. Ko bayan da ake gani kamar kanta yana komawa, ba ya komawa. Takan miƙa wuya ta cilla kan gaba da sauri, sannan ta kafe shi cak a wuri guda, gangar jiki ta tako ta cim masa, ta sake cillawa. Idonmu ne ke ruɗar mu: jikin ne ke matsowa gaba, mu kuma mu ɗauka kan ne ya ja baya.

Dalilin yana wajen gani. Duk mai motsi, duniya gaba ɗaya takan riƙa zamewa a idonsa. Kin san yadda itatuwa da gonaki ke gudu baya in kina cikin mota tsakanin Daura da Katsina, na kusa da sauri, na nesa a hankali. Mai neman ƙwayar gero a ƙasa, yana kuma tsoron shaho a sama, ba ya son hoton ya riƙa zamewa haka. Mu mutane ƙwayar ido muke juyawa mu tsayar da shi. Idon tsuntsu babba ne, ya cika gurbinsa, juyawarsa kaɗan ce, don haka wuya ne ya ɗauki aikin. A ɗan lokacin da kan ke kafe take ganin komai tangaran, ta bambance abin da ke motsi da kansa da abin da tafiyarta ce ta sa ya yi kamar yana motsi.

A 1978 wani masani a Kanada, Barrie Frost, ya ɗora tattabaru a kan bel mai tafiya irin na masu motsa jiki. Ƙafafu na takawa amma ɗakin bai gusa a idonsu ba. Sai suka daina cilla kan. Ashe ba ƙafa ke jan wuya ba, ido ne.

A nan ne tambayarki ta haɗu da ta ɗalibin can. Daga tantanin da ke karɓar haske a cikin ido, saƙo na zuwa wasu ƙananan cibiyoyi biyu a ƙwaƙwalwa. Su ba ruwansu da ƙwayar gero ko kiyashi. Abin da suke aunawa shi ne zamewar fili gaba ɗaya: wane gefe ya nufa, da wane irin sauri. Daga nan su aika wa ƙwaƙwalwar ƙeya, musamman ninki na 9 da na 10. A can saƙon ido ke gamuwa da saƙon cikin kunne, inda wasu 'yan bututu uku masu ruwa ke jin duk juyin da kai ya yi. Wani ɓangare na ninkin juyawa yake kula da ita, wani kuma tafiya a miƙe, gaba ko baya, sama ko ƙasa. Da wannan lissafi ake gyara wa ido da wuya aikinsu. A nahiyar Amurka akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai tsayawa cak a iska yana shan ruwan fure, kuma an gano ɗaya daga cikin cibiyoyin nan biyu ta fi girma a wurinsa, in an gwada da girman ƙwaƙwalwarsa.

Ki sa jikar taki ta riƙe kaza da hannu biyu, ta ɗan kai ta hagu da dama, sama da ƙasa. Za ta ga jiki na yawo, kai na nan inda yake. In za a faɗa da Hausa mai kyau, a ce tana miƙa wuya tana kafe kai. Agwagwa dai ba ta wannan tafiyar, tata rangaji ce.

Tambaya: Tattabara ne daidai ko tantabara?

Duka biyun Hausa ne. Ka riƙe wadda ka ji a bakin mahaifiyarka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mene ne "kallon hadarin kaji"? Daidai yake da harara?

A'a, Malam. Harara da fushi take zuwa, wanda ya harare ka ya ɗauke ka a bakin wani abu. Kallon hadarin kaji raini ne zalla: a karkata kai, a dube ka da gefen ido, a kau da fuska kamar ba a ga kowa ba. Wanda ya fara faɗar maganar ya zauna da kaji sosai. Idanun kaza a gefen kai suke, in za ta dubi sama dole ta karkace ta duba da ido ɗaya. Mu ne muka fassara shi da raini. Ita kam sama ba wurin wasanta ba ne, daga can shaho ke saukowa, har ma kukan gargaɗin da kaji ke yi in haɗarin daga sama yake ya bambanta da wanda suke yi wa muzuru. Ku lura kuma da rubutu: hadari na ruwan sama da d ne, haɗari na mota da ɗ. Na sha ganin "kallon haɗarin kaji", sai in ce to, wace mota ce ta bi ta kansu?

Mujiya ita ce kishiyar kaza a nan. Idanunta biyu a gaba suke, a kafe, shi ya sa take juya kai har digiri 270. Ƙasusuwan wuyanta 14 ne, namu 7.

Tambaya: Baba Malam, an ce da yayana "belbela ci da motsin wani", ya ji haushi. Zagi ne?

'Yata, yabo dai ba ne. Ana faɗa wa wanda ba ya motsa komai da kansa, sai wani ya sha wahala shi ya kwashi riba. Belbela na bin shanu, saniya ta taka ciyawa, fara ta tashi, ita ta cafke. Farar da ta lafe a ciyawa wuyar gani gare ta, tashinta ne ke tona mata asiri. Hango ɗan abu guda mai motsi irin wannan aikin wani sashe ne daban a tsakiyar ƙwaƙwalwa, ba wanda na yi wa Hajiya bayani ba. Yayan naki ya duba halinsa kafin ya ji haushi.

Tambaya: Malaminmu yakan ce mana masu ƙwaƙwalwar kaza. Karin magana ce?

Ba karin magana ba ce, baƙar magana ce. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar aku da tsuntsaye masu waƙa sun ninka na ƙwaƙwalwar biri mai nauyi ɗaya da tasu. Kaza ba ta kai su ba, amma malamin naku ya nemi wani zagin.

Tambaya: Shaho da shirwa abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Ka ɗaga kai ka dubi wutsiya: ta shirwa a tsage take, kuma ita ce mai shawagi a kan kasuwa da mahauta.