Muryar Kawu kan tarihin Baba Saje

Assalamu alaikum jama'ar gida. Wannan amsarka ce ɗana, kai da ka tambaya me za a rubuta a kan Baba Saje a ɗan littafin da kuke son rabawa ranar taron zuri'a. Na ga 'yan'uwanka har sun fara turo maka da "mutum ne mai ƙwazo, mai haƙuri, mai son iyalinsa". To wane kaka ne ba a faɗa wa haka in ya rasu? Abin da kake nema, ko ba ka faɗa ba, shi ne ta ina za ka kamo labarin mutumin tunda shi ba ya nan. Saurara da kyau.

Ka fara da sanin wane yaƙi ya yi. A zauren nan kaɗai wani ya ce Bama (wato ƙasar Burma), wani ya ce Biyafara, wata kuma ta ce "yaƙin Hitila". Haba jama'a. Sojojinmu da suka je Bama da Japan suka gwabza, ba su ga Bajamushe ba. Sun tafi 1943 da 1944, akasarinsu sun dawo 1946. Yaƙin basasa kuwa daga Yuli 1967 ne zuwa Janairu 1970. In gwaggonninka suka ce ya dawo daga yaƙi ya yi auren fari kafin zuwan Sarauniya a 1956, magana ta ƙare, Yaƙin Duniya na Biyu ya yi, wanda na Bama yake cikinsa. Lambarsa ta soja ma za ta nuna: ta zamanin Turawa NA ce sai lambobi, ta 'yan basasa kuma da 63NA take farawa.

Sai akwatin ƙarfensa. Ku nemi littafin sallama, ɗan ƙarami ne, a ciki akwai lamba, bataliya, ranar shiga, ranar fita, muƙami da shaidar hali. Kada ka yi mamaki in sunan da ke ciki ba wanda muka sani ba ne, domin magatakardan bariki sunan yanka yake rubutawa ya liƙa masa sunan garin da ya ce ya fito. Lambar ka riƙe, ita ba ta canzawa. Ka ɗauki hoton kowane shafi, gaba da baya, da rana a inuwa, ban da filashi. Kuma don Allah kada wani ya kai shi a manne shi da leda. Zafin injin yana lalata tsohuwar takarda, in an manne kuma ba a ɓarewa. A sa shi a ambulan, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da damshi.

Lambobin yabo kuma, na Yaƙin Duniya na Biyu ba a buga sunan mai su a jiki, don haka kada ka ɓata lokaci kana juya su. Tauraro mai tsini shida da zani ja a tsakiya, shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe, wannan na Bama ne, rubutun ma yana jiki. In zanin launin rairayi ne da jan layi, na Afirka ne, ke nan yana cikin waɗanda suka yaƙi Italiya, suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941 suka wuce Habasha. Wasu duka biyun gare su. Kada a goge su da toka ko lemon tsami, a bar su da tsufansu.

In an samu bajon da ake ɗinkawa a kafaɗa, ya fi komai saurin ba da amsa. Baƙin gizo a kan rawaya, Runduna ta 81 ce, su ne suka shiga kwarin Kaladan, inda ba hanyar mota, abinci da harsashi ta jirgin sama ake jefo musu. Mashi biyu a gicce cikin gammo, Runduna ta 82 ce, sun iso daga baya, suka haɗu da 'yan ta 81 a Myohaung a Janairu 1945. In kuwa bataliyarsa ta 6 ce, ko ta 7 ko ta 12, to cikin 'yan Chindit yake, waɗanda aka sauke bayan layin Japan a 1944. Sunan da barikin Zariya yake amsawa ke nan. Dalet da Kalapanzin na Kaduna, Dodan da Arakan na Legas, duk sunayen wurare ne a Bama, kullum muna wucewa ta gabansu ba mu tambaya.

Af, gammon nan, bari in tsaya a kansa, don abin yana ci mini rai. Sai ka ga jika ya buɗe littafin sallama, ya tarar kakansa cikin masu ɗaukar kaya yake, sai ya rufe ya ce a rubuta "soja" kawai. Kunyar me? Mutanen nan sojoji ne masu lamba da albashi. Su ke ɗaukar harsashi, rediyo, sassan igwa da masu rauni a kai, a hau dutse a tsallaka rafi cikin damina, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini, yawancinsu adda ce kawai a hannu. In ba su, mai bindiga ba ya yin kwana biyu a dajin. Har runduna guda ta sa gammo a bajonta, kai kuma kana ɓoyewa? Shi Baba dai igiya uku gare shi, an ce... to, "an ce" ke nan. A unguwa kowane tsohon soja Saje ne ko Samanja. Abin da littafin ya nuna shi za ka rubuta, ko da kofur ne.

Amma soja shekara nawa ce a rayuwarsa? Huɗu ko biyar. Sauran duk a gida ya yi su, kuma nan ne za ka fi shan wuya, domin ba takarda. Je wurin tsofaffin mata, su suka san kan gidan. Ɗaya bayan ɗaya, kada ka tara su, in ka tara su babbar ce za ta yi magana sauran su ce "haka ne". Ka ɗauki muryarsu a waya, ka kashe layin kada kira ya katse ɗaukar, kuma rabin awa ya isa zama guda. Kada ka ce "yana da kirki ko?", ai ba wadda za ta ce a'a. Tambaye ta da ya dawo wane aiki ya kama, ɗan doka ne a En'e, masinja, gadi, reluwe, ko gona ya koma. Me ya yi da kuɗin sallama, gona ya saya ko aure ya yi? Dami nawa yake samu a shekara mai kyau? 'Ya'yan wa da wa ya riƙe bayan nasa, wa ya aurar, wa ya kai makarantar boko lokacin da ake gudunta? Ka jera matansa da 'ya'yan kowacce bi da bi, har waɗanda suka rasu suna ƙanana, don su ake fara mantawa.

Shekara kuma ba za su ba ka da lamba ba, da abin da ya faru za su ba ka. Kashe Sardauna 1966 ne, canjin hannu 1972, shigowar naira 1973. Ka ce "lokacin an canza kuɗi ko tukuna?", sai ka yi lissafinka. Inda bakinsu ya saɓa, rubuta duka biyun da sunan wadda ta faɗa. In kuma wata ta ce yana firgita cikin barci, ko ba ya son a tayar da zancen Bama, kada ka share, sai dai a nemi yardar 'ya'yansa kafin a buga.

Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiha ma za ka iya leƙawa da lambar, amma wannan sai daga baya. Ka fara da Gwaggo Babba, ita ce ta fi shekaru kuma ba ta cika lafiya ba. Ka turo mini hoton shafin farko na littafin in duba bataliyar. Sai na ji ka.