Tambaya da Amsa: Kawu ya hana ni dasa itace a gonar aro

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne daga wajen Maigatari, shekara shida kenan ina noma gonar da kawuna ya bani aro. Wallahi ƙasar ta gaji, iska na taso rairayi ta binne gero tun yana ɗan tsiro sai kayi shuka sau biyu sau uku, ruwa kuma yazo a makare ya ɗauke da wuri. Nace zan dasa darbejiya a bakin iyaka ta tare iska, kawu yace atafau, wai wanda ya dasa itace gobe 'ya'yansa zasu ce gonar ubansu ce. Dan Allah me doka tace?

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Toh kada kaga laifin kawu, a al'adarmu itace shaida ne, rigimar gona nawa aka yanke gaban dagaci da cewa ai kakan wane ne ya dasa wancan mangwaron.

A dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, gonakin karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke bada shaidar riƙonsu bisa al'ada. Dasa itace baya maida aro ya zama mallaka. Amma fa in gwamnati ta karɓi gona dan aikin jama'a, abinda aka raya a kanta ake biyan diyya, gini ko amfanin gona ko itatuwa, kaga kenan maganar waye mai itacen ba ƙarama bace kuma dole a yanke ta tun yanzu.

Abinda ke damuna shine kullum ana ta rabon dashe ana cewa a yaƙi hamada, amma ba'a tambayar wanda zai shayar dashi ko yana da tabbas ɗin gonar. Leƙa tsallaken iyakarku ka gani. A Nijar da can itace na hukuma ne, in ka sassake reshe a gonarka malamin daji ya ci ka tara, shiyasa manomi da yaga tsiro sai ya sare tun kafin ya zame masa fitina. Daga shekarun 1980 aka fara sakar wa mutane mara, aka yi dokar karkara a 1993, sai manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, wato ka bar tohon kututture biyu ko uku masu ƙarfi ka rage sauran. An ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 suka farfaɗo a haka, galibi ba dashe ba bayi.

Dan haka ka fara da wannan, ka duba tohon gawo da kalgo a gonar ka barsu, kawu bazai ce kai ka dasa ba. Gawo ma dai alheri ne, yana zubar da ganye da damina baya yiwa gero inuwa, ga taki ga abincin dabbobi da rani.

Darbejiyar kuma ka sameshi cikin ladabi ka tafi da babba a dangi, ku rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu, gona da itatuwan nasa ne, kai kana da rassa da ganye muddin kana nomanta, kuma a faɗi shekara nawa aron zai kai. 'Ya'yansa manya suma su sa hannu, dan ranar rabon gado dasu zakayi magana.