Kaset ɗin biki da muryar Baba: in sayi na'ura ko in kai a juya?

Tambaya: Ina da kaset ɗin bidiyo na bikina na 1998, da kaset takwas na karatun da marigayi mahaifinmu yake bayarwa a zaure. Wani mai gyaran rediyo ya ce zai sayar mini da na'urar kunna kaset ɗin bidiyo 'yar gwanjo. In saya, ko in kai a juya mini a CD? Wata uwa daga Jekadafari, Gombe.

Amsa: Allah ya jiƙan Malam, Hajiya. Kada ki sayi na'urar nan. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne ya rage yana ƙera ta, ya daina tun 2016. Duk wadda za ki samu yau ta tsufa, robobin cikinta sun saki, kuma tana iya tauna zaren kaset ɗin da ba ki da madadinsa.

Ki kai wa mai juyawa, amma ki fara ɗaga kaset ɗin bikin ki leƙa ta gilashinsa. In kin ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, funfuna ce ta damina, sai an goge kafin a kunna. Ki ce ya fara gwada na'urarsa da wani kaset a gabanki.

CD kuwa, a'a. Wanda ake bugawa a shago zafi da ƙarzuwa suna ɓata shi, ga kwamfutocin yanzu da yawa ba su da wurin saka shi. Ki ce fayil kike so: bidiyon a tsarin MP4, karatun a tsarin sauti na WAV. Sa'a ɗaya ta WAV tana cin kusan MB 600, amma ba a matse muryar ba, daga ita za a fitar da MP3 don 'yan'uwa. Kada ki yarda ya turo ta WhatsApp, yana rage ingancin bidiyo.

Ki ajiye kwafi a gida, wani a wurin ɗan'uwanki, wani a ma'ajiyar intanet ta Google Drive mai ba da GB 15 kyauta. Kaset ɗin asali kuma a karɓo shi, a jera a tsaye cikin durowa, nesa da sifika saboda maganaɗisu.

Tambaya: Filashi ya isa in ajiye hotunan iyali? Wani malamin firamare daga Pantami.

Amsa: Bai isa ba, Malam. Filashi na kai-kawo ne, in ya daɗe a ajiye ba a jona shi ba yana iya zubar da abin da ke ciki, ga jabu sun cika kasuwa. Ka haɗa da hard disk na waje, wato babbar ma'ajiyar fayil da ake jonawa a kwamfuta, ka riƙa buɗe hotunan duk shekara.