Amsar Tambayarki Kan Maganin Zaƙi

'Yata, saƙonki ya iso ni, inda kike cewa likita ya gano ciwon suga na masu juna biyu a jikinki, surukarki kuma ta ce zaƙi ne kawai, a jiƙa miki magani kamar yadda aka gada. Na yi murmushi da na ji 'yar boko tana tambayar jiƙo, amma daga baya hankalina ya tashi.

A zamaninmu, ciki na shiga wata bakwai ake raba mace da zuma da rake, a riƙa ba ta jiƙon sassaƙe mai ɗaci. Kakarmu takan ce wadda ta biye wa bakinta da ciki, ranar naƙuda za ta biya bashi. Akwai wata amarya a gidanmu da kowa ke yaba girman cikinta, ana cewa tagwaye ne, ga ta ba ta rabuwa da moɗar ruwa, dare kuma fitsari ya hana ta barci. Da naƙuda ta zo, ta wuni ta kwana a durƙushe, ungozoma tana sharce gumi, tsofaffi suna ta salati, har aka shimfiɗa ta a amalanke zuwa bakin titi. A asibiti aka ciro yaro ƙato, babu rai, ita kuma ta dawo da yoyon fitsari. Jiƙon nan kuwa ba ta taɓa fashin shan sa ba.

Yanzu an san cewa mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke raunana aikin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, sai sugan uwa ya tsallaka wa ɗa, ya yi girma har ya haura kilo 4, kafaɗarsa ta maƙale. Ciwon yana iya janyo hawan jini, jariri kuma sugansa kan faɗi bayan haihuwa. Mata da yawa ba sa jin alamar komai, shi ya sa ake gwaji tsakanin mako na 24 da na 28. Ciwon yakan tafi bayan an sauka, amma sai an sake awo, domin yana iya dawowa ya zauna.

Mu da ciki muke surfe da daka da ɗibar ruwa, cimarmu gero da dawa da ganye. Ku kuwa farar shinkafa da lemon kwalba, sannan a wuni a zaune, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Batun surukarki ki bar mini, zan je in same ta da kaina. Kafin nan kada ki yi fashin awo, kuma idan likita ya rubuta allura, ki karɓa.