Tsohon kare na fitsarin jini: abin da za ka duba kafin ka zuƙi allura

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce wani Alhaji ya kira ka a kan karensa na gadi, namiji, ya kai shekara 10, ba a fiɗiye shi ba. Ana ta ganin jini a inda ya yi fitsari, ya rage ci, ga yawan shan ruwa, in ya kwanta kuma tashi na yi masa wuya. Mai karen ya ce tsargiya ce. Kai kuma kana tambaya ko ka yi masa allurar Berenil, maganin sammore na shanu, da kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta, kamar yadda ka ga wasu na yi, in ya so a jira a gani.

Kada ka yi. Ajiye sirinjin nan tukuna. Jan fitsari alama ce kawai, kuma a jikin tsohon kare abubuwan da ke kawo shi sun fi goma. Maganin ɗaya daga cikinsu na iya zama ajalin karen da ke ɗauke da wani. Aikinka na farko shi ne ka gano daga ina jan nan ya fito.

Maganar tsargiya ka kawar da ita cikin ladabi. Alhaji bai yi laifi ba, abin da ya sani ke nan, don mun taso muna ganin yaran da ke wanka a kududdufi da bakin dam suna fitsarin jini. Amma tsutsar da ke yin wannan aiki ta ɗan Adam ce, ba ita ke zama a mafitsarar kare ba. In ka bar shi da wannan tunani, gobe zai aika kemis a sayo maganin tsargiya a ɗura wa karen, a ɓata mako guda a banza.

Ka je da sassafe, kafin a saki karen. Sa safar hannu, ka tari fitsarinsa a wani faffaɗan murfi mai tsabta, ka juye a kwalba. Safar hannun ba don ƙyanƙyami ba ce. Akwai wata cuta da ɓeraye ke bazawa ta fitsarinsu, tana kama ƙoda da hantar kare, tana kuma kama mutum ta ɗan rauni a fata. Fitsarin kuma kada ya wuce awa guda a zafin nan namu ba a duba shi ba; in da nisa, sa shi cikin kula da ƙanƙara.

Kana isa, ka zuba kaɗan a bututun gwaji ka juya shi a injin juya jini na minti 5. In babu wuta, jingine shi a inuwa ka ba shi lokaci. Sai ka ɗaga shi ga haske. In ka ga ja ya kwanta a gindi, saman ya washe ya koma ruwan ɗorawa, to jini ne sosai, yana zubowa daga wani wuri a hanyar fitsari. In kuwa ya juyu ya gama amma launin na nan daga sama har ƙasa, ja mai duhu kamar zoɓo, to ƙwayoyin jinin ne ke fashewa tun a cikin jijiya, ƙoda kawai ta tace launin ta fitar. Wannan ɗan gwaji ya raba maka hanya biyu, kuma bai ci ko sisi ba. Na fi jin zafin barin sa fiye da kowane kuskure da nake gani a wajen masu wannan sana'a.

In ta biyun ce, ka ɗaga leɓen karen ka dubi dasashinsa. Na lafiyayye ja-ja ne mai danshi, in ka danna da yatsa ya yi fari, launin zai dawo kafin daƙiƙa 2. In ka same shi fari fat, ko ya yi ruwan ɗorawa irin na shawara, ga zafin jiki ya haura 39.5, ga saifa ta kumbura, sai ka nemi kaska: cikin kunne, tsakanin yatsu, ƙarƙashin wuya. Ka duba tsagar bangon ɗakin karen ma, don kaskar kare a nan take ɓuya ta yi ƙwai. Ka tsaga bakin kunne kaɗan, ka shafa ɗigon farko a gilashi, ka rina da Giemsa, ruwan rinin da ake duba jini da shi. Ƙwayar Babesia, cutar da kaska ke sa wa kare, za ka gan ta a madubin duba ƙwayoyin cuta cikin jajayen ƙwayoyin jini, sau da yawa biyu-biyu, kawunansu a haɗe. Ka kuma tambayi abin da ake zuba masa. Ragowar miya da tsire masu albasa da yawa na fasa jinin kare, dafaffiya ce ko ɗanya.

A nan ne kaɗai Berenil ke da wurin shiga, bayan ka ga ƙwayar da idonka. Maganin sammore ne na shanu, kuma tsakanin abin da ke warkar da kare da abin da ke kashe shi tazarar ƙanƙanuwa ce. Ma'auninsa miligiram 3.5 a kowane kilo, sau ɗaya tak. Ƙaramin ƙunshin nan da ake kaɗawa don saniya mai kilo 300, kare mai kilo 20 kashi ɗaya cikin 15 ne rabonsa. Mutum zai kalli kare ya ƙiyasta nauyinsa da ido, ya zuba, washegari ya ga bai miƙe ba ya ƙara. Bayan kwana ɗaya ko biyu kare ya fara tangaɗi, ƙafafu su sandare, ido na juyawa. Ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, kuma ba mu da abin da ke kwance wannan. Ka ɗauki karen ka hau sikeli, ka sauke shi ka sake hawa, ka cire. Inda ake samun imidocarb, wani maganin Babesia, na fi natsuwa da shi. Kaskar nan kuma tana ɗauke da wata cutar, Ehrlichia, mai cinye ƙwayoyin da ke tsayar da jini, har kare ya riƙa haɓo ko ka ga ɗigo-ɗigon ja a dasashi da fatar ciki. Ita doxycycline take so, har kwana 28, ba kwana 5 ba.

Amma yadda ka kwatanta karen nan, zuciyata ta fi karkata ga hanya ta farko, wato jini sosai. Sai ka zauna da wanda ke ba shi abinci, ba Alhaji ba, don maigadi ko yaron gida shi ya san karen. Tambaye shi yaushe jinin ke fitowa. In a farkon fitsari ne sannan ya washe, matsalar na can ƙasa, a bututun fitsari ko gaban karen ko furostet, ƙullutun da ke bakin mafitsara. In a ƙarshe ne, ɗigon da ya rage ya zo ja, mafitsara ce. In daga farko har ƙarshe ja ne, ka yi tunanin ƙoda, ko mafitsarar da ta ƙazanta da ciwo, ko jinin da ya daina daskarewa. In kuma ana samun ɗigon jini a inda ya kwanta ba tare da ya yi fitsari ba, to ka kusa kama bakin zaren.

Furostet wani ƙullutu ne da ke zagaye da bututun fitsari daidai bakin mafitsara, namiji kaɗai ke da shi. Karen da ba a fiɗiye ba, nasa yana ƙara girma yayin da shekaru ke tafiya, kuma da wuya ka sami ɗan shekara 9 ko 10 da nasa bai kumbura ba. Yana ɗigar da jini, yana danne hanji har kare ya yi ta yunƙurin kashi, kashin ya fito a daɓe, siriri. Wani lokacin ma tafiyar nan da ake cewa ta tsufa ce, ƙafafun baya a sage, daga nan take. Ɗaure masa baki da bandeji, ka tabbatar an yi masa rigakafin haukan kare, sa wani ya riƙe, ka shafa mai a yatsa ka taɓa ta dubura. In ɓangarorin biyu sun yi daidai, sumul, ba ya jin zafi, kumburin tsufa ne, fiɗiya za ta saɓe shi cikin 'yan makonni. In ya yi ƙara da ka taɓa, ga zazzaɓi, ƙwayoyin cuta sun shiga, magani zai ɗauki wata guda ko fiye. In ka ji shi da tauri, gefe ɗaya ya fi ɗaya, ya manne ba ya motsi, ka ji tsoron ciwon daji, kuma fiɗiya ba ta yi wa wannan komai.

Kada ka tashi daga wurin ba ka zame fatar gabansa baya har tushe ba. Karnukan da ke yawo da dare suna ɗaukar wani ƙari wajen barbara, ja, mai ɓurtsi-ɓurtsi, da an taɓa sai jini. A tushe yake ɓuya, shi ya sa mai duban sama-sama ba ya ganinsa. Kamanninsa da ban tsoro, amma yana cikin waɗanda suka fi jin magani: allurar vincristine ta jijiya, mako-mako, sau 4 zuwa 6. Wannan ba taka ba ce tukuna, don in ta zuba a wajen jijiya tana cinye nama. Ka kawo shi mu yi tare.

Sauran ka san su. Sanyin mafitsara na sa fitsari kaɗan-kaɗan, akai-akai, da wari. Tsakuwa wani lokaci ana jin ta da hannu in an matsa mara a hankali, amma hoton eksire ko sikanin ne ke tabbatarwa. Tsohon karen da aka ba maganin sanyi ya ji sauƙi, aka daina ya dawo, aka sake ya dawo, a daina canza masa magani, a kai shi a leƙa mafitsarar, don ƙarin mafitsara haka yake fara sallama. Ka tambaya ko an sa maganin ɓera a gidan cikin makon nan. Akwai irin da ke hana jini daskarewa, alamarsa sai bayan kwana 3 zuwa 5 take bayyana, maganinsa bitamin K1 na tsawon makonni. Da karya ce ma, da na ce ka tambayi yaushe ta yi neman barbara na ƙarshe. Tsohuwar karyar da ta yi wata ɗaya ko biyu da wucewar lokacinta, sai ga shan ruwa, ciki ya ɗaga, jini da mugunya na fita, mahaifa ce ta cika da ruɓa, kuma aikin tiyata ne na ranar.

Shan ruwan nan da ka ambata a gurguje, shi ya fi tsaya mini a rai. Kumburin furostet kaɗai ba ya sa shi. Ka sa a auna: a cika masa kwano da ma'auni sananne, a hana shi wani ruwan, a ga abin da ya sha daga safiya zuwa safiya. Kare mai kilo 20 da ke shanye fiye da lita 2 a rana, in ba tsakiyar bazara ba, akwai magana. Ƙoda ba ta nuna gajiya sai kusan kashi biyu cikin uku nata sun lalace, sannan fitsari ya tsinke ya zama kamar ruwa. Ka sunsuni bakinsa, in kana jin zarni, ka duba gefen harshe ko da gyambo. Ka tsoma takardar gwaji a fitsarin ka ga suga da furotin. Mai ciwon suga yakan ci da yawa yana ramewa, kiyashi na taruwa a fitsarinsa, yana kuma saurin yin yanar ido.

Wannan ne dalilin da ya sa na hana ka yin allurar nan ta biyu, ta kashe ƙwayoyin cuta, ba tare da bincike ba. Gentamicin da ake yawan kaiwa hannu gare ta tana cin ƙoda, in ka yi wa tsohon karen da ƙodarsa ke kan gargara, ga ƙarancin ruwa a jiki, kai ka ƙarasa shi. Haka magungunan ciwon jiki na mutane. Za a ga yana ɗingishi, a ji tausayinsa, a ɓoye diclofenac ko ibuprofen cikin nama a ba shi. Suna huda ciki, suna kashe ƙoda, kashi ya koma baƙi wuluk. Ka tambaya kai tsaye ko an ba shi, ba tare da faɗa ba, don in ka ɗaga murya ba wanda zai gaya maka gaskiya. Amosanin gaɓɓai na tsufa akwai maganinsa na karnuka, amma sai an san halin ƙoda. Kafin nan a shimfiɗa masa buhu ko tsohuwar katifa a daina barinsa kan siminti, a rage masa ƙiba in yana da ita, kwanon ruwa kuma kada ya taɓa bushewa. Wasu na hana kare ruwa wai don ya rage ɓata tsakar gida. Ga mai ciwon ƙoda wannan kisa ne.

Sai maganar kuɗi, don za ta taso. Alhaji zai iya cewa kare ne fa, ya kuma tsufa, ɗan kwikwiyo ya fi arha. Kada ka yi masa wa'azi, kada kuma ka yi masa alkawarin da ba ka da iko a kansa. Gaya masa abin da hannu da ido da takardar gwaji za su iya nunawa a yau da ɗan kuɗi kaɗan, sannan abin da ke buƙatar gwajin jini da sikanin, irin wanda ake yi a asibitocin koyarwa na dabbobi na jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Dabbar da ta kwana a farke shekara 10 don mutanen gidan su yi barci tana da hakki a kansu, kuma yawancin masu gida in ka faɗa musu haka a natse suna ji. In bincike ya nuna daji ne da ya yi nisa, ko ƙodar ta ƙare, yana amai ba ya ci, shi ma ka faɗa ƙarara. A lokacin sai a yi shawarar sauƙaƙa masa ta hannun likita, kada a kai shi bayan gari a yar, kada kuma a zuba masa guba.

Abu ɗaya ne ba ya jiran safiya. Ka kira yaron gidan yanzu ka tambaye shi ko karen na fitar da fitsari sosai. In yana tsugunawa yana yunƙuri ba abin da ke fita sai ɗigo, mara ta yi tauri, to tsakuwa ko kumburi ya toshe hanya, kuma mafitsarar da ta toshe ba ta ba da fiye da kwana ɗaya zuwa biyu. Kada ka matsa ta da ƙarfi, tana iya fashewa. Ku sa shi a mota ku taho, ko ƙarfe nawa ne, zan shirya robar zuƙe fitsari kafin ku iso. In kuwa yana fita, to gobe ka je da kwalba, ma'aunin zafi, gilashi da safar hannu, ka kira ni bayan ka juya fitsarin ka gaya mini launin samansa.