Amsa: fararen ɗigo a jikin kifayen tanki

Malam, ɗigon da ka ce ya fito wa kifayenka kamar an barbaɗa gishiri, suna ta goga jiki a duwatsu, cutar Ich ce. Ƙwayar Ichthyophthirius multifiliis ke kawo ta. Ka tambaya ko ka ware masu ɗigon kawai. A'a, tankin duka za ka yi wa magani.

Muddin ƙwayar tana cikin fatar kifi, magani ba ya taɓa ta. Sai ta faɗo cikin tsakuwa, ta rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito suna iyo neman kifi. A nan kaɗai ake kashe su. Saboda haka ka ɗaga zafin ruwan a hankali zuwa digiri 28 ko 29 na ma'aunin Celsius don ƙwayar ta yi saurin faɗowa, ka kuma ƙara iska, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai.

Cire gawayin da ke cikin filta, wato matatar ruwan tankin, tukuna, in ba haka ba zai shanye maganin. Sa maganin da ake kira malachite green mai haɗe da formalin bisa ma'aunin kwalbar. In akwai kifayen da ba sa jure magani sosai irin corydoras ko loach, rabin ma'auni ya isa. Maganin Ich mai sinadarin tagulla kuwa, ka kula, yana kashe dodon koɗi da jatan lande.

Kafin kowane ƙarin magani, zuƙe dattin cikin tsakuwa ka sauya kashi 25 cikin 100 na ruwan. Don Allah kada ka tsaya ranar da ɗigon ya ɓace, a nan ne mutane da yawa ke asara. Ci gaba aƙalla kwana 4. Sabon kifi kuma, killace shi mako 3 kafin ka haɗa.