Tambaya da Amsa: Tsofaffin motocin Alfa Romeo, daga filin tsere zuwa garejin Suame

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni yaron gareji ne a Suame Magazine, Kumasi. An kawo wa mastanmu wata tsohuwar Alfa Romeo mai ƙofa biyu, Giulia Sprint GT. Masta ya ce wannan kamfani ne ya haifi Ferrari, abokaina na Aboabo kuma suna cewa labari ne kawai. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, mastanka ya san abin da yake faɗa.

An kafa kamfanin a birnin Milan na Italiya ranar 24 ga Yuni, 1910, da sunan ALFA. A 1915 wani injiniya mai suna Nicola Romeo ya karɓi ragamarsa, daga 1920 aka fara buga sunan Alfa Romeo a jikin motocin. A wannan shekara ce Enzo Ferrari ya shiga kamfanin a matsayin direban tsere. Direba ne na matsakaici, amma ya iya gane mutum mai amfani, kuma da hannunsa aka janyo injiniya Vittorio Jano daga Fiat a 1923.

Jano ne ya ɗora kamfanin a kan hanya. Motarsa ta farko, P2, ta fito a 1924 da inji mai silinda takwas a jere, lita biyu, da na'urar da ke dura iska cikin inji da ƙarfi. Ita ta ci gasar duniya ta farko ta kamfanonin mota a 1925. Bayanta ya ƙera 6C da 8C. Da 6C 1750 Tazio Nuvolari ya ci tseren Mille Miglia na 1930, tafiyar kusan kilomita 1,600 a kan titunan gari da na ƙauye, ya kuma zama na farko da matsakaicin gudunsa ya haura kilomita 100 a awa. Ita kuwa 8C 2300 ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau huɗu a jere, daga 1931 zuwa 1934. Tunda kai mai koyon aiki ne, lura da dabarar da ke cikin injin 8C. Karanshaf mai tsawo yana murɗewa idan gudu ya yi yawa, sai Jano ya raba silinda takwas ɗin gida biyu, huɗu-huɗu, ya sa giyoyin da ke juya kamshaf a tsakiyarsu maimakon a gaba. Da haka murɗewar ta ragu.

A 1929 Ferrari ya kafa ƙungiyarsa, Scuderia Ferrari, a Modena, amma motocin Alfa take tsere da su. Da kuɗi suka yi wa kamfanin ƙaranci har gwamnati ta karɓe shi a 1933, sai aka miƙa wa ƙungiyar harkar tsere gaba ɗaya. A ƙarƙashinta Nuvolari ya kayar da Mercedes da Auto Union a gidansu, a Nürburgring ta Jamus a 1935, da motar P3 wadda a lokacin ta tsufa kuma ba ta kai nasu ƙarfi ba. Ferrari ya raba gari da Alfa a 1939, mota ta farko mai sunansa kuwa, 125 S, sai 1947 ta fito. Wanda ya zana injinta, Gioacchino Colombo, shi ma a hannun Jano ya koyi aiki.

Tambaya: Malam, mene ne ma'anar maciji da gicciyen da ke tambarin motar? Na kuma ga koren ganye a gefen wasu. Daga wata mai karatu a Nima, Accra.

Amsa: Malama, duka biyun na birnin Milan ne. Jan gicciye a kan fari alamar birnin ce, macijin kuma tambarin gidan Visconti ne, waɗanda suka mulki Milan a da. Ganyen mai kunne huɗu direba Ugo Sivocci ne ya fara zana shi a motarsa a tseren Targa Florio na 1923, ya kuma ci. Ya rasu a filin tsere na Monza a Italiya cikin watan Satumba na shekarar yana gwada wata mota, daga nan ganyen ya zama alamar motocin tseren kamfanin.

Tambaya: Na ji cewa Alfa Romeo ce ta ci gasar Formula 1 ta farko da ta biyu, sannan ta janye. Me zai sa mai nasara ya bar fili? Daga wani direban tirela a Asawase.

Amsa: Haka aka yi. Giuseppe Farina ya ci a 1950, Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina ya ci a 1951. Amma motar da suka hau, Alfetta 158, tun 1938 take tsere. Injinta lita ɗaya da rabi ne kacal, silinda takwas. Ta fara da ƙarfin doki kusan 195, aka yi ta ƙara matsin iskar da ake dura mata har ta kai 350 a 1950, sannan samfurin 159 ya kai kusan 425 a 1951.

Direba, kai ka san abin da ƙarfi ke ci. Man da take sha mai sinadarin methanol ne, kuma wani kaso nasa sanyaya inji yake yi, ba turawa ba. A ƙarshe tana shan fiye da lita ɗaya da rabi a kowace kilomita, dole ta riƙa ɗaukar tankuna masu nauyi tana kuma tsayawa shan mai. Ferrari ya bi wata hanya: inji mai lita huɗu da rabi, babu na'urar dura iska, mai ƙarancin shan mai. A Silverstone ta Ingila a Yulin 1951 José Froilán González ya kayar da Alfa da wannan mota. Injin Alfetta ya kai iyakarsa, kuɗin ƙera sabuwa babu, sai kamfanin ya janye a ƙarshen shekarar. A ganinmu shawara ce mai kyau, domin hankalin injiniyoyin ya koma kan motar da mutum zai saya ya hau. Giulietta ta fito a 1954 da inji mai cc 1290, bulo da kai duk na alminiyam, kamshaf biyu a sama. Tsarin injin tsere ke nan a ƙaramar motar kasuwa, a zamanin da yawancin motoci ke da injin ƙarfen zubi mai kamshaf ɗaya a ƙasa. An yi ta faɗaɗa shi zuwa cc 1570, 1779 da 1962, aka ci gaba da ƙera shi har shekara 40.

Tambaya: Masta, ni makaniki ne a Suame. Na canza gasket ɗin kan injin Giulia 1600, na ɗaure komai, amma bayan kwana kaɗan baƙin mai ya koma fari, ruwa ya shiga. Gasket ɗin sabo ne. Ina matsalar take?

Amsa: Abokin aiki, kafin ka zargi gasket, ka tuna ko ka juya karanshaf lokacin da kan injin yake a cire. A wannan inji fistin ba a cikin bulon yake gudu ba. Akwai silif huɗu na ƙarfen zubi da ake zurawa cikin bulon alminiyam, ruwa yana zagaye su kai tsaye, kuma a gindin kowanne akwai siririyar roba da ke hana ruwa sauka cikin baƙin mai. Kan injin ne kaɗai yake danne su. Idan ka cire shi ka juya inji, fistin yana tasowa da silif, robar ta motsa, shi ke nan ruwa ya sami hanya. Abin da ake yi shi ne, da zarar an ɗaga kan, a zura manyan wasa da guntayen fayif a kan sandunan ɗauri, a sa noti a danne bakin silif ɗin. Idan sun riga sun motsa, babu gajeriyar hanya: a fitar da su, a goge mazauninsu tas, a sa sabbin roba. Wajen mayarwa a auna, kada bakin silif ya nutse ƙasa da fuskar bulo.

Akwai kuma ƙananan zoben roba guda shida da ke zama a ramukan da baƙin mai ke bi ya hau zuwa kamshaf. Idan ɗaya ya goce, abin yakan zo a juye: mai ya shiga lagireto, ko ya riƙa tsiyaya a gefen bulo. Duba fuskar kan injin da miƙaƙƙen ƙarfe, domin alminiyam yana lanƙwasa idan ya taɓa yin zafi fiye da kima. Notuna goma na sama a ɗaure su daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo, bisa adadin da littafin motar ya bayar, a sake bi bayan inji ya yi zafi. Ɗaurin hannu da ƙiyasi shi ke kashe waɗannan injuna. Kada a manta da ƙananan ƙusoshi biyu na gaba, waɗanda ake ɗaurewa ta ƙasa.

Tunda kan yana buɗe, auna tazarar bawul inji na sanyi. A injin Giulia 1600, na shiga milimita 0.475 zuwa 0.50, na fita 0.525 zuwa 0.55. Babu sukurun saiti. Wani ɗan ƙarfe ne kamar maɓallin riga a ƙarƙashin kofin bawul, sai an cire kamshaf an canza shi da mai kaurin da ya dace. Bawul ɗin fita akwai sinadarin sodiyam a cikinsu, saboda haka kada a yanka su ko a jefa su wuta. A lagireto kuma a daina zuba ruwan famfo zalla, yana cin alminiyam. A haɗa rabi ruwa mai tsabta, rabi ruwan sanyaya inji na kanti.

Tambaya: Ɗana da ke Italiya ya samo mini Alfa Romeo Spider ta shekarun 1970, yana so ya turo ta tashar jirgin ruwa ta Tema. In karɓa? Daga wani Alhaji a Sabon Zongo, Accra.

Amsa: Ranka ya daɗe, mota ce mai kyau. Kamfanin Pininfarina ya zana ta, ta fito a 1966, aka yi ta ƙerawa har farkon shekarun 1990. Sitiyarin ta Italiya a hagu yake, ya dace da titunanmu tun sauyin hannu na 1974. Amma kafin a biya, yaron ya sa a ɗaga ta sama. Inji yana gyaruwa, tsatsa ce ke gama da waɗannan motoci. A duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, domin a motar da ba ta da rufi shi ke riƙe da bodi, sannan daɓen ƙasa da ramin tayar safaya. A bi jikin da maganaɗisu, inda bai kama ba ciko ne aka shafe da fenti.

Ya tuƙa ta har ta yi zafi, ya sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu. Idan ta yi ƙara, zoben daidaita giyar ya cinye, ciwon da aka san su da shi ke nan. Ya duba robar da ke haɗa giyabos da farfela, da robobin da kafireto biyun ke zaune a kai. Idan sun tsage inji yana shan iska ta gefe, ba zai taɓa zama daidai ba komai saitin da aka yi. Ya tabbatar mai kafireto ce, Weber, Dell'Orto ko Solex. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka suna da famfon mai na SPICA, mai gyaransa kuwa yana da wuyar samu.

Alhaji ya tambayi wakilin fito a Tema kuɗin kwastan da tarar tsufa tun motar ba ta hau jirgi ba. Kada kuma a dogara da Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, wajen kayanta. A sa gasket cikakken saiti biyu, robobin kafireto, famfon ruwa, robar farfela, kayan birki da littafin gyaran motar a cikin but, su taho tare da ita.